Inda Eleuterio Ya Tafi

"Ki cire zoben nan, Zoraida."

Doña Providencia ba ta ɗaga murya ba. Kofi ma take zuba wa ɗanta Efraín.

"Mama, don Allah..." in ji shi.

"Kai yi shiru. Duk garin Ciales an san uban kakarta ya bar mace da goyo, ya bi wata karuwa ya ƙetare teku zuwa Santo Domingo. Aure ba ya zama a gidansu. A jini yake."

Zoraida ta san wadda ta tono maganar. Ivelisse ce, 'yar mai kantin magani, wadda ta daɗe tana kawo wa tsohuwar nan maganin hawan jini kyauta, idonta kuwa yana kan Efraín.

Zoraida ba ta cire zoben baikon ba. A bakin ƙofa ta tsayar da Efraín.

"Kada ka sake zuwa gidanmu sai na gano inda mutumin nan ya tafi."

"Masoyiyata, ina ruwana da wanda ya mutu tun kafin a haifi uwata?"

"Ni da ruwana. In da gaske gudu ya yi, ina so in ji da bakin takarda, ba da bakin Ivelisse ba."

Haka watanni suka shuɗe. Duk ranar da ba ta koyarwa sai ta hau mota zuwa San Juan, babban birnin tsibirinsu, ta zauna a ɗakin adana tsofaffin takardu har idonta ya yi ja. A ƙidayar 1920 ta same shi: Eleuterio Ríos, mai tsinkar kofi, da matarsa Ramona. A ta 1930 Ramona ce kaɗai da 'yarta Monserrate. Ta bi sunayen fasinjojin jiragen ruwa ɗaya bayan ɗaya, babu shi.

Efraín ya cika alkawari, bai zo ba. Sai dai wasu safiyoyin ta kan tarar da burodi mai ɗumi rataye a ƙofa. Ta kan rungume ledar a ƙirjinta har ta huce. In ta ji ƙarar mota irin tasa a kan tudu, sai ta leƙa ta taga.

Ranar da ta gaji da jiragen ruwa ta koma takardun mutuwa, nan ta gan shi. Bai taɓa barin tsibirin ba. A 1934 ya rasu, a asibitin da ake killace kutare a bayan San Juan. Ta koma ƙidayar 1930, ta nemo shafin asibitin. Ga sunansa cikin majinyata. A gurbin aure an rubuta: mai aure. Ta sake duba shafin Ramona. Ita ma abin da ta gaya wa mai ƙidaya ke nan.

A mota ta yi ta juya abin. Ramona ta zaɓi a kira mijinta maci amana da a kira 'yarta 'yar kuturu, don kada a kore ta daga makaranta, kada a ƙi sayen ɗinkinsu. Ƙarya ce, amma ita ta rene su. In Zoraida ta yi shiru, Doña Providencia za ta ci gaba da cewa jinin gudu. In ta yi magana, za ta ce jinin kuturta.

Kakarta Monserrate ce Zoraida ta fara gaya wa, tsohuwa da ta haura tamanin ba ta taɓa ambaton sunan ubanta ba sai da tsaki.

Tsohuwar ta dubi hannunta.

"Duk farkon wata Mama kan ce za ta kai ɗinki San Juan," ta ce a hankali. "Ta yi kitso, ta sa rigarta mai furanni. In ta dawo ba ta bari in taɓa ta sai ta yi wanka... Ni kuwa ina cewa, wane irin mai sayen ɗinki ake yi wa kwalliya haka?"

"Kaka, in faɗa musu?"

"Na zage shi tsawon raina, yarinya. Je ki faɗa. Da ƙarfi."

Washegari Zoraida ta tarar da Efraín da mahaifiyarsa a barandarsu. Efraín ya miƙe har kujera ta faɗi. Ya rame.

"Doña Providencia, bai gudu ba. Kuturta ce ta kama shi aka killace shi. Matarsa tana zuwa wurinsa har ya mutu."

Tsohuwar ta janye hannunta daga kan tebur. "Kuturu? To ai wannan ya fi..."

"Mama," Efraín ya katse ta, "kin ce a jini yake. Na yarda. Matar da ta yi shekaru tana kwalliya don mijin da duniya ke gudu, irinta nake nema."

Ya kamo hannayen Zoraida biyu ya ɗora a fuskarsa.

"Kin gama, ko akwai sauran matattun da zan jira?"

Ta yi dariya, hawaye na zuba. "Na gama, abin ƙaunata."

Doña Providencia ta zo ɗaurin auren, ta zauna a layin baya. Ana gobe biki kuwa, Zoraida da Efraín suka kai Kaka Monserrate maƙabartar asibitin. Ciyawa ta cinye yawancin kaburburan, ba su gane nasa ba. Tsohuwar ta tsaya a tsakiya da sandarta, ta gyara wuyan rigarta.

"Baba," ta ce, "ni ce Monse. Na makara."