Motar Kawu

"Kowa ya kwanta! Ƙasa na ce!"

Harbi biyu a sama. Mutum uku, fuska a rufe, suka faɗa shagon gwal da rana tsaka. Ɗaya ya daki gilashi da gindin bindiga — tas! Maigadi ya yunƙura. Harbi na uku ba sama ya yi ba.

"Kwashe, Ƙwaro! Kwashe mu ware!"

Suka fito a guje. Mota mai ruwan toka na jiransu, ƙofofi a buɗe. Taya ta yi ƙara —

Sufeto ya danna wayar, hoton ya tsaya cak. Wani ne ya ɗauka daga saman bene. Ya tura ta gaban Tela.

"Karanta min lambar."

Tela ya karanta ba tare da ya duba sosai ba. Ko rigunan kujerun shi ya ɗinka da ragowar yadi. Shekara ashirin yana taka keke kafin ya sayi motar nan, kuma har yau bai iya tuƙi ba. Haya yake ba da ita. Mutum ne mai tsantseni har ya yi yawa, wanda ko maɓalli zai sa sai ya auna sau biyu. Duk wanda ya zo haya sai ya kawo katin shaida da mai tsaya masa, ya sa hannu.

"To ina takardar wannan hayar?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"Don me?"

"Ɗan yayata ne. Lasti muke ce masa. A cinyata ya girma. Ya zan ce masa sa hannu?"

"Kwana nawa ya ce?"

"Biyu. Wai zai kai wasu baƙi."

"Ta kwana nawa?"

"Goma sha ɗaya."

Sufeto ya ajiye biro. "Kwana goma sha ɗaya motarka ba ta dawo ba, ba ka kawo rahoto ba. Tsakanin shagonka da nan ko minti goma ba a yi."

Ya so ya zo ai. Ranar kwana na huɗu har ya sa takalmi, sai ga Yaya a ƙofar shago. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta riƙe masa hannun riga, ta ce, "Ƙanina, ɗana za ka kai wa 'yan sanda saboda ƙarfe? Ka bari, zai dawo." Ya cire takalmin, ya koma kan keke.

Ya faɗa wa Sufeto haka. Muryarsa ta fito kamar yana karanta awon wani.

"Kofur, shigo da shi."

Aka turo wani siririn mutum da ankwa, ƙafa ɗaya a naɗe. Ƙwaro ke nan. Shi kaɗai aka kama.

"Maimaita abin da ka ce."

"Mun fita gari, Oganmu ya ce a banka wa motar wuta. Direba ya ce wallahi a'a, ta kawunsa ce, gida zai mayar. Oga ya ce in ka mayar ai ka kai mu. Direba ya kama sitiyari gam. Shi ke nan — tau! A wuya. Ni ma ya sakar min ɗaya a ƙafa, ya fece da jakar."

Tela ya ji maganar ta shiga kunnensa ta zauna. Ya jira kuka, kuka bai zo ba. Abin da ya zo masa kawai shi ne wandon da ya yanka wa yaron bai haɗa ba.

"Wannan fa?" Sufeto ya nuna Tela.

Ƙwaro ya dube shi sama da ƙasa. Bai taɓa ganinsa ba, amma ya san ana sassauta wa mai ba da suna.

"Shi ne mai mota. Ya san komai. Da kasonsa."

Aka fita da shi.

"Ka ji dai," in ji Sufeto. "Maigadi ya mutu. Mota da sunanka, ba takarda, ba rahoto. Wa ya ga ka ba da ita haya?"

"Yaya. A gabanta na miƙa makulli."

Bayan awa biyu aka kawo ta. Daga ɗakin ajiye gawa take. Ta zauna a bakin benci, idanu a bushe, jakarta a cinya.

"Baba, ɗanki ya karɓi motar wannan mutumin haya a gabanki?"

Ta gyara riƙon jakarta. Sufeto ya ƙara tambaya.

"Kin hana ƙaninki kawo rahoto?"

Tela ya san abin da ake nema a bakinta. In ta ce e, ta yarda ɗanta da ƙafarsa ya ɗauki mota ya kai wa 'yan fashi, kuma ita ta rufa masa. Gobe za a binne shi, unguwa duk za ta zo.

Yaya ta kalli bango.

"Ɗana ba ɓarawo ba ne. Aikensa aka yi. Ban san wata maganar haya ba."

Sufeto ya rubuta. Biron na ƙara a kan takarda, fanka na juyawa. Tela bai ji haushi ba, bai ji tsoro ba. Gajiya kawai ya ji.

Kofur ya ce wa Tela ya cire agogo da bel, ya cire. Da za a wuce da shi ta gabanta, sai ya tsaya ya ɗan rusuna, yadda ya saba tun yana yaro.

"Yaya, ya haƙuri?"

Ba ta ɗago ba. Kofur ya tura shi ciki, ya ja ƙofar.