Amarci a Tsohon Jirgin Masunta

"Nan? Nan za ka kwanar da ni?!"

'Yar Takarda ta saki akwatinta a kan yashi. Abin da ke gabanta wani tsohon jirgin masunta ne da aka jawo bakin teku, aka ɗora bisa kututture huɗu, aka yanka masa ƙofa a gefe. Har da labule mai furanni, wai shi nan kwalliya.

"Leƙa ciki mana, hasken idona," in ji angon nata. "Akwai gado, akwai taga..."

"Kada ka ƙara ce mini hasken idonka yau!"

Kwanansu tara da aure. Ita a kantin magani take aiki, ko kasuwa ba ta zuwa sai da jerin kaya a rubuce, a nan ta samo sunan. Shi kuwa kafinta ne, duk unguwa Allah-Ya-Kai-Mu ake ce masa, don amsarsa ke nan ga duk abin da ya shafi gobe. Yayarta, wadda ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarsu, ta so haɗa ta da ƙanin mijinta, wani injiniya mai mota. Da ta kafe sai kafinta, Yaya ta ce a gaban dangi, "Wata uku na ba ki. Da ƙafarki za ki dawo."

Ga shi ko mako biyu ba a yi ba. Otal biyu ne kacal a tsibirin da suka zo cin amarci, duk a cike, sai wata tsohuwa ce ta tausaya ta ba su jirgin marigayin mijinta.

"Tsakaninka da Allah, me ya hana ka kama mana masauki?"

"Na ɗauka kin kama."

"Ai da gangan na yi shiru! Na ce sau ɗaya dai in bar maka, in nuna wa Yaya kai ma kana iya tsara abu!"

Ya sosa ƙeya. "Ni kuma da na ji shiru na ce an gama. Kujerun falonmu da na jera, sau uku kika sake musu wuri. Sai na ce gara kada in ɓata miki."

"Au, laifina ne ma?"

"Ban ce ba. Mu kwana yau, gobe in Allah Ya kai..."

"Ƙarasa ka ga!"

Wayarta ta yi ƙara. Yaya ce, kiran bidiyo, kamar wadda aka kai wa tsegumi. Da sauri ta juya wa jirgin baya.

"Amarya an sauka? Nuna mini ɗakin in gani."

"Muna... muna waje ne tukun."

"Mene ne wancan a bayanki, akurkin kaji?" Yaya ta yi dariya har da tafa cinya. "Ni na sani! Jirgin fito na ƙarshe ƙarfe biyar yake tashi, na tambaya. Ki shigo kawai. Injiniya ya ce zai kawo ni tasha da motarsa mu ɗauko ki, bawan Allah."

Ta kashe wayar, idonta ya cika da ƙwalla. Ba jirgin ne ya fi ƙona mata rai ba, dariyar nan ce. Ta yi faɗa da kowa nata a kansa, shi kuwa ko kiran waya ɗaya ya kasa yi dominta.

Biyar saura kwata. Ta finciki akwatin.

"Ina za ki?"

"Inda aka san darajata!"

"Don Allah ki tsaya..."

Ko waiwaye ba ta yi ba. Jan akwati a cikin yashi kuwa ba wasa ba ne, ga rana, ga kuka, ga hayaƙin kifin da ake bandawa a gefen hanya. Tana hango tashar ƙirjinta ya ɗaure. Asmarta ce ta tashi.

Ta durƙusa ta zazzage jakar hannunta. Ga takardar tafiya, shafi uku cur, layin farko ma "abin shaƙa" ne, har ta yi masa alamar an ɗauka. Amma babu shi. Sai a lokacin ta tuna: ta fito da shi da safe, ta ajiye a kan firij.

Numfashi ya ƙi shiga. Ko ihu ta kasa.

Sai ji ta yi an tallafo kanta. Ashe yana biye da ita. Ya kifar da 'yar jakarsa, wadda tun a mota take yi wa ba'a, ya sa mata abin shaƙa a baki.

"Ja a hankali... yawwa... sake ja. Ina nan."



Da numfashi ya dawo, ta bi kayan da suka zube da kallo. Wani abin shaƙar na biyu. Tsohon tabaranta. Gidan sauro. Safar da take sawa in sanyi ya kama ta. Nasa kuwa riga ɗaya ce, sai tef ɗin awo.

"Ina kayanka?" ta tambaya, murya a dashe.

"Na manta." Ya sunkuyar da kai. "Ban iya tsarin tafiya ba, gaskiyar Yaya ce. Amma wannan tun ranar da kika faɗi a shagona ban ƙara fita ba shi a jikina ba. Shekara biyu ke nan."

Shekara biyu! Ita da take rubuta komai, ba ta taɓa sani ba.

Jirgin ƙarfe biyar ya yi ƙugi. Ya miƙe, ya ɗora akwatinta a kafaɗa, ya dubi tashar.

"In har yanzu tafiyar kike so, zan kai ki. Ba zan riƙe ki dole ba."

"Ajiye mini akwati, malam. Ni na ce maka har yanzu?" Ta share hawaye tana hararar sa. "Kuma kada ka ɗauka na huce. Ƙofar jirgin can a karkace take, ina kallo."

"Yanzu zan gyara ta."

Wayar ta sake yin ƙara. Wannan karon sai da suka koma ta ɗauka, ta saita kyamarar sosai a kan jirgin, da labulensa, da mijinta yana awon ƙofa.

"Ga ɗakin, Yaya, kalli da kyau. A ce wa Injiniya kada ya ƙona mansa."

"Ke! To yaushe za ki dawo?"

'Yar Takarda ta ninke shafukanta uku, ta miƙa wa kafinta ya tokare ƙafar gadon da ke girgiɗi.

"Allah Ya kai mu, Yaya," ta ce, ta kashe wayar.