Ƙanƙarar da Rana Ta Daskarar

Igiyar janareta ce ta haɗa su, kuma a gabana aka yi, ba labari aka ba ni ba.

Jikata tana sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi a ɗan shagon da ke jikin gidanmu. Rannan da hantsi ta dafa ƙafa a kan janareta, ta ja igiya, ta sake ja. Ya yi tari irin nawa, ya yi shiru. A ja na gaba igiyar ta tsinke, ta tafi da baya, sai ga ta zaune daɓas a cikin ruwan da ya tsiyayo daga firiza.

Wani dogon saurayi yana wucewa da baƙin faranti a ka, faɗinsa kamar ƙyaure. Ya tsaya.

"Sannu, 'yan mata. Wa ya ci damben, ke ko shi?"

"Malam, wuce da ƙofar gidanku."

"Ba ƙofa ba ce, sola ce. Ita ba ta da igiya."

"To me take sha?"

"Rana."

"Rana kawai?"

"Kawai. Sai a riƙa goge mata fuska, kamar kowace kyakkyawa."

Ta harare shi, amma hararar ba ta da ƙaya. Ina kan kujerata a inuwa ina kallo. Ban taɓa shiga aji ba, amma a karatun fuska babu malamin da zai zauna gabana. Yarinyar nan tun tana rarrafe nake kiranta matata. Ranar na ce a raina, tsoho, an yi maka fashi da rana tsaka.

Dogo ake ce masa, Dogo Mai Sola. Tun daga ranar, duk inda aikinsa yake, hanyar sai ta biyo ta ƙofar shagonmu. Idan ya tashi aiki da yamma ya zo ya sayi ruwa, ya sha kamar wanda ake ɗiga wa magani, don kada ya ƙare.

"Ɓarawon matata, ka iso?"

"Na iso, Kaka. Ai riƙo na ba ka."

Saƙonninsu kuwa ita take karanta mini, tana rufe baki da mayafi. Abin da ya shiga kunnena ba ya fita. Ya rubuto mata:

"'Yar Sanyi, yau a kan rufi na wuni, rana ta gasa ni. Da na tuna hararar nan taki sai na ji kamar an ɗora mini ƙanƙara a ƙirji."

Ta mayar masa:

"Dogona, ka rage zaƙin baki ka riƙe tsani da kyau. Idan ka faɗo ba ni da mai ɗauko mini kaya daga saman kanta."

Wahalar yarinyar nan na san ta. Wutar gari sai ta ga dama take leƙo mu. Duk abin da ƙanƙara ta kawo, fetur ya shanye. Ta tashi da sassafe, ta wuni a tsaye, kan ta rufe shago ribar tana cikin tankin janareta, hayaƙin yana cikin ƙirjinmu. Ni na san hayaƙin nan fiye da kowa, na yi shekaru ina gadi a gefensa. Ya ci rabin huhuna, likita ya ce ba zan ga damina ba. Da ƙafata na je gaisuwar mutuwar likitan.

Ta tattara abin da ta tara, Dogo ya sa ƙarfinsa, aka jera faranti a saman rufin gidanmu, aka sauko da waya zuwa batir da firiza. Ranar farko da na ji firiza tana gurnani babu janareta, sai da na leƙa bayanta ko an ɓoye wani abu.

Amma akwai ubanta. Ɗana ne, gyaran janareta ce sana'arsa, kuma taurin kansa a wurina ya gada, ba na musu. Da Dogo ya turo maganar aure, ya zo gida fuska kamar hadari, hannu duk baƙin mai.

"Yaron da yake bin gida gida yana kashe mini kasuwa, shi zan ba 'yata? Duk rufin da ya hau, an daina kirana!"

"Baba," in ji ta, "shekara nawa ina yi wa fetur bauta? Ko keken ɗinki ban iya saya ba."

"Ga Mai Fetur yana sonki. Mutum mai abin hannu, mai ladabi."

"Ladabinsa a aljihuna ya same shi, Baba."

Na ƙyalƙyale da dariya har tari ya sarƙe ni. Ɗana ya juyo.

"Baba, kai kake ɗaure mata gindi."

"Ni na haifi wanda ya haife ta, wa zai ɗaure mata in ba ni ba?"

Ɗana ya ɗaga yatsa.

"Shi ke nan. Zafi ya shigo. Idan farantan banzan nan suka riƙe firizarki har ruwan farko ya sauka, ba ki taɓa igiyar janareta ba, na ba shi. Ranar da kika kunna, maganarsa ta mutu a gidan nan."

"Na yarda."

Ta ja janaretan zuwa lungu, ta kifa masa tsohon kwando.

Da farko abin gwanin daɗi. Ƙanƙara kamar dutse, masu saye har layi. Ta yi wa kakarta sabon zani, ni ta saya mini takalmi, na taka unguwa kaf don a gani.

Sai abu ya juya. Firiza ta fara yin shiru tun kafin la'asar. Batir ba ya cika. Gari ya waye, ƙanƙara ta zama ruwa a leda. Masu saye suka fara komawa wani layin.

Dogo yakan zo da yamma bayan ya tashi aiki, ya bi matakalar bayan gida ya hau rufi. Ya duba waya, ya duba faranti, ya goge, ya gwada batir. Komai lafiya. Ya sauko yana atishawa, ido jajir yana zubar da ruwa.

Ɗana ya gan shi rannan, ya taɓe baki.

"Kuka kake yi tun yanzu? Ajiye hawayen, da sauran zafi."

"Ba kuka ba ne, Baba."

"Ni ba babanka ba ne."

Mai Fetur kuwa hancinsa ya jiyo. Ya zo cikin farar riga, turare kamar an fasa kwalba, da jarka cike a hannu. Ya dire ta a ƙofar shago.

"Gimbiya, kyauta ce. Ki daina wahalar da kanki a kan mai hawa rufin mutane."

Kafin ta buɗe baki ya juya. Kuma a daidai lokacin Dogo ya shawo kwana, ya ga Mai Fetur yana tafiya yana murmushi, ya ga jarka a ƙofarta. Bai ƙaraso ba. Saƙo ya biyo baya:

"Na ga jarkar. Ba na ganin laifinki, sana'arki ce take narkewa a kan idonki. Ki kunna. Ni ne na kasa."

Ta karanta mini. Na zaci kuka za ta yi. Ina! Jinina ce. Ta ɗaura ɗankwali tamau, ta ɗora jarkar a ka, ta ratsa layi kowa yana kallo, har rumfar Mai Fetur. Ina biye da ita da sandata. Ta sauke a gabansa.

"Ga kayanka. Ko ruwan zafi zan koma sayarwa, ba zan ƙara shan hayaƙi ina yi maka tari ba."

A hanyar dawowa ta rubuta:

"Dogo, ashe tsawon banza gare ka? Ni ban sare ba, kai ka sare? Jarka ta koma gidan ubanta. Gobe ka zo, ko ka gyara ko mu narke tare."

Ya amsa nan take:

"Na tuba, 'Yar Sanyi. Ko rana ce ta lalace zan hau in gyara ta."

Ni kuwa na zauna na sa kaina aiki. Kaina bai taɓa ba ni kunya ba, shi ya fitar da ni daga yunwa, daga gobara, daga hannun likita. Yaro ya hau rufi lafiya, ya sauko yana atishawa. Tsohuwata, wadda kullum take yaƙi da kaji a kan shanyarta, ta yi kwanaki ba ta zagi kaza ba. Kuma kullum kafin la'asar sai in ga ta wuce da ƙullin zani a ka tana waƙa.

Washegari da azahar ɗana ya dawo cin abinci. Na ce, "Riƙe ni, zan hau rufi."

"Baba, da wannan ƙirjin?"

"Ƙirjin nan ya girmi ubangidanka. Mu je."

Na hau, ina hutawa ina hawa. Muka leƙa.

Faranti ko ɗaya ba a gani. An lulluɓe su da tsofaffin zannuwa, an danne gefe da duwatsu, an baza barkono a kai, ja wur, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Tsohuwata tana tsugune tana juya shi da hannu.

"Ke! Me kike yi?"

"Shanya, makaho ne kai? Wurin shanyata ne tun kafin a haifi wannan," ta nuna ɗana. "Yaron nan ya zo ya jera mini tebura masu ɗumi, ga tudu, kaza ba ta hawa. Allah ya yi masa albarka. Kuma ban ɓata masa ba, sai da na shimfiɗa zani. Kan ya zo na kwashe, na share."

"Kin rufe wa jikarki rana!"

"Rana ga ta can a sama, wa ya isa ya rufe ta?"

Ɗana ya tsaya kamar an dasa shi. Na dube shi. Babu wanda ya sani sai mu uku. Idan ya yi shiru, zafi zai gama masa aiki.

"To, gwanin gyara," na ce, "ka ci. Uwarka ta ci maka da barkono. Sai ka je kasuwa ka yi alfahari."

Ya sunkuya ya ɗaga dutse, ya naɗe zanin farko da barkonon a ciki. Ya naɗe na biyu. Ya ciro tsumman aljihunsa, ya ga duk mai ne, ya mayar, ya tuɓe rigarsa ya goge farantin da ita. Atishawa ta kama shi, ido ya kawo ruwa.

Daga ƙasa muka ji ihu. "Kaka! Ta tashi! Firiza ta tashi!"

Sai ga ta a guje, Dogo a bayanta, ashe ya bar aiki ya zo da wuri. Suka ga barkono, suka ga tsohuwa, suka ga ɗana babu riga yana hawaye.

"Kuka kake yi, Baba?" in ji jikata.

"Ba kuka ba ne."

Dogo ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Ɗana ya harare shi.

"Kai, zo nan. Wayar nan da ka ja ta gefen bango, haka aka koya maka? Damina ɗaya za ta cinye ta."

"Shi ya sa nake neman babban hannu, Baba. Gidaje sun yi mini yawa. Sola ma tana son mai gyara, kuma a garin nan babu wanda ya san waya kamarka."

"Ni in yi aiki a ƙarƙashinka?"

"A'a, ni a sama kan rufi, kai a ƙasa kana yi mini faɗa."

Wannan karon da ya ce Baba, ɗana bai gyara masa ba. Amma bai janye sharaɗi ba, jinina ne. Sai da aka jira. Dogo ya ƙera wa tsohuwa teburin shanya mai dogayen ƙafafu a can gefe, ta ce bai kai na da ɗumi ba, har yau tana mita. Firiza ba ta ƙara yin shiru ba. Gizo-gizo ya yi saƙa a kan kwandon janareta.

Ranar da ruwan farko ya sauka, jikata ta fito tsakar gida ta tsaya a cikinsa, ta ɗaga hannu sama. Ɗana ya leƙo ta taga ya ce, "Shiga ciki kada mura ta kama ki. Ki ce masa ya turo manyansa."

An yi bikin nan a ƙofar gidanmu. Jama'a ta cika layi, kowa da ruwa mai sanyin da ke fasa haƙori, daga firizar amarya, wadda yanzu ta zama biyu. Har Mai Fetur ya zo, ya sha, ya ƙara. Babu janaretan da ya yi gurnani, don haka da na miƙe zan sa albarka, na ƙarshen layi ma ya ji ni, da rabin huhu.

Na ce, "Ɓarawo, na sakar maka ita. Allah ya sanyaya muku gida kamar ƙanƙararta, ya haskaka shi kamar farantinka. Allah ya ba ku 'ya'yan da ba za su san warin hayaƙi ba. Kuma ku yi sauri, don sai na goya su kafin in tafi, in ma zan tafi."

Kowa ya ce amin. Tsohuwata ta fi kowa ɗaga murya, idonta yana kan rufin sabon gidansu.