Tsohuwar Kasuwa Huɗu

A kasuwar Babura Zaharadeen ya fara ganin Bahijja, tana zuba man gyaɗa a rumfar mahaifinta, Malam Lauwali. Ya tambayi farashi, ya tambayi masu sari, amma ko kwalba bai saya ba.

"Malam, ciniki ka zo yi ko ƙidaya?" ta ce tana murmushi.

Kunya ta kama shi, ya faɗi gaskiya. Kawunsa ne zai kafa injin matsar mai, shi kuma aka ɗora masa tattaro bayanan masu sana'ar. Ya zuba wakilai a Kazaure, Roni da Gwiwa, ya riƙe Babura da kansa. Daga ranar kuwa aikin Babura ya ƙi ƙarewa.

Da maganar aure ta taso, Malam Lauwali ya kafe. "Ɗan leƙen asiri? Sana'ata yake so, ba 'yata ba."

Bahijja ta turo masa saƙo: "Masoyina, Baba ya ce a'a. Ko abinci na kasa ci."

"Ki yi haƙuri, Bahina," ya amsa. "Ni dai ba inda za ni."

Wata Laraba bayan azahar, wata tsohuwa mai lulluɓi ruwan toka ta tare shi a gindin tsamiya. Bai taɓa ganinta ba, amma sunansa ta kira.

"Zaharadeen, biyo ni in nuna maka ƙauyen da Lauwali ke sayo gyaɗarsa. In kawunka ya samu wannan, rumfar nan ta mutu."

Kafin ya buɗe baki wayarsa ta hau ƙara. Wakilin Roni, na Kazaure, da Sama'ilu na Gwiwa, kowa labari ɗaya: ga tsohuwa mai lulluɓi ruwan toka a gabansa yanzu, da wannan tayin. Tsigar jikinsa ta tashi, don kowa ya san ba mutane kaɗai ke cin kasuwa ba.

Nan take ya rubuta musu: "Kada wanda ya bi ta. Abin da ke fili muke tattarawa, ban da asirin gidan mutum." Da ya ɗago, babu kowa a gindin tsamiyar.

Ba a jima ba Malam Lauwali ya aiko a turo magabata.

Ranar biki aka kai ango gaida dangi, sai ga tsofaffi uku a kan tabarma, har da ta gindin tsamiya, kamar an tsaga kara. Ya daskare. Bahijja ta ƙunshe dariya cikin mayafi.

"Gwaggonnina ne. Kai kaɗai ka iya bincike? Baba ne ya tura su su gwada ka."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya durƙusa. "Ina Gwaggon Gwiwa, ita ma in gaishe ta?"



"Gwaggo Adda ce a Gwiwa," in ji Bahijja a hankali. "Ita ta raine ni. Ta rasu tun kafin mu haɗu. Baba bai tura kowa can ba."

Daga bakin ƙofa Sama'ilu, wanda ya rako ango, ya yi magana. "Wallahi na gan ta. Da na ƙi bin ta, dariya ta yi, ta ce in gaya wa 'yarta ta yi dace, Allah ya ba su zaman lafiya."

Hawaye suka zubo wa Bahijja. Babbar gwaggon ta ɗaga hannuwa sama.

"Amin, Adda," ta ce. "Amin."