Dutsen Bakin Teku a Murhun Ma'u

Rana ta yi ja tana gangarawa bayan dutsen garin Dutsin-Ma, kaji sun fara neman makwanci, Ma'u ta hura wuta ta ɗora ruwan tuwo. Bazara ce, iska ta tsaya cik. 'Yarta Kyauta, wadda ta samu bayan shekara tara tana jiran haihuwa, tana zaune a tabarma tana tsince wake.

Wutar ba ta gama kamawa ba sai tsakuwa ta faɗo cikin tukunya. Ma'u ta ɗaga kai. Babu kowa a kan katanga. Ta biyu ta faɗo, ta uku ta fasa ƙoƙon da ke hannunta. Da ta ɗauki ɗaya ta duba sai ta ji ta a jiƙe, alhali rabon garin da ruwan sama wata bakwai.

"Inna, ƙishirwa," in ji Kyauta.

Ta shanye ƙwarya guda, ta miƙo a ƙara. A ta huɗu ne idanunta suka juye. Ta ja wani dogon numfashi, ta riƙe, ta riƙe, sannan ta sake shi da gurnani irin wanda bai kamata ya fito daga ƙirjin yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ba. Ma'u ta san wannan ƙarar. Mako uku ke nan tana jin mijinta yana kwaikwayonta a zaure.

Mijin nata, Sodangi, bafataken goro ne. A tafiyarsa ta bana ya zarce har bakin teku, ya sauka a wani ƙaramin garin masunta inda ake jere kwale-kwale a kan yashi, mata na ƙyafe kifi a gindin itatuwan kwakwa. Wani abokin cinikinsa ya ja shi bayan garin ya nuna masa abin mamaki: wani falalen dutse baƙi mai rami a tsakiya. Idan igiyar ruwa ta shige ta ƙarƙashinsa sai ramin ya ja iska ya yi shiru, sannan ya yi gurnani ya feso ruwa sama, ya fi rimi tsawo. Sodangi ya san ba wanda zai yarda da shi a gida, don haka ya ciro wani dutse mai santsi daga bakin ramin. Wata tsohuwa mai ƙyafe kifi ta bi shi tana ɗaga hannu tana surutu da yarensu. Ya ɗauka bara take yi, ya ba ta goro biyu ya wuce.

A gida kuwa dariya aka yi masa. Abokansa suka ce sun ga mai tsarabar turmin atamfa, amma ba su taɓa ganin wanda ya yi dakon dutse zuwa Dutsin-Ma ba. Haushi ya sa ya jefar da shi a bayan rumbu. Ran da ɗaya daga cikin duwatsun murhun Ma'u ya tsage, ta ga wannan ya yi daidai, ta sa shi. Ba ta sake tunawa da shi ba.

Tun daga ranar, kowace magariba haka. Da safe koko suke saye, da rana fura, gidan lafiya lau. Da an hura wutar tuwo sai jifa ya fara, ruwan randa ya koma zartsi, Kyauta ta faɗi tana gurnani. Ta daina cin abinci. Leɓɓanta suka tsattsage, wuyanta ya zama kamar sillen kara.

"Malam, abin nan tare da kai ya zo," Ma'u ta ce wa mijinta. "A kira mai ilimi ya duba ta."

"Zazzaɓin bazara ne. Ki jiƙa mata tsamiya."

"Tsamiya ce za ta hana jifa?"

"'Ya'yan maƙwabta ne! Ba su gama yi mani dariyar dutse ba, kina so a ce na kwaso aljanu a buhun goro?"

Ta yi maganar da lalama, ta yi da kuka, ta yi da shiru. Kullum amsa ɗaya. Sai ya gyara hula ya fita. A kwana na tara ta daina roƙo. Ta ba wata mai tallar nono saƙo zuwa ƙauyen Tamawa, wurin kawunta Malam Ɗanmusa.

Tsohon ya iso a kan jaki bayan la'asar. Sodangi ya durƙusa ya gaishe shi yana kallon ƙasa, don ba a yi wa suruki musu. Malam bai tambayi komai ba. Ya zauna kusa da yarinyar har inuwa ta cinye tsakar gida, sannan ya ce, "'Yata, hura wutarki."

Tsakuwa ta fara zuba. Malam ya dafa kan Kyauta yana karatu a hankali, bai ɗaga murya ba. Can sai gurnanin ya tsaya, wata murya ta tsohuwa, a dushe, ta fito daga bakin yarinyar.

"Ku kashe wutar."

"Wace ce ke?"

"Baƙuwa. Ku kashe wutar, na ce! Kwana tara kuna gasa mani mazauni kuna tuƙa tuwo a kaina."

Ma'u ta dubi murhu, ta ga baƙin dutsen. Ta kwara wa wutar ruwa.

"A bakin ramin nan nake zaune tun kakanninku ba su san goro ba," in ji muryar. "Wancan mai hular ya ɗauke ni. An hana shi, ya ba da goro. Na fita neman hanyar gida, gabas yashi, yamma ƙaya. Wace irin ƙasa ce wannan? Jikin yarinyar nan kaɗai na samu laima."

"Ba ta ɗauke ki ba, ba ta gasa ki ba," in ji Malam. "Zalunci haramun ne a kanku kamar yadda yake a kanmu. Ki fita."

"A mai da ni teku."

"Teku nisa gare shi. Kafin a kai ki, yarinyar ta mutu, hakkinta na wuyanki."

"To a yanka mani baƙin bunsuru."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah. Nemi wani abin."

Jemagu suka fara gilmawa. Malam ya ce, "Ga gulbin Karaduwa nan kusa. In ya kawo ruwa, yana zuba a wani gulbi, wancan ya zuba a wani, har kogin Kwara, Kwara kuwa teku ta nufa. Ki bi shi."

"Na gan shi. Rairayi ne."

"Saura wata biyu damina, in Allah ya so."

Muryar ta yi tsaki. "To ku ji. A sa dutsena a sabuwar randa. A canza ruwan safe da yamma, da ɗan gishiri, har ranar da gulbin ya cika a kai ni can. Kuma hannun da ya ɗauko ni shi zai jawo ruwan daga rijiya, kan mai hannun kuma ya ɗauko tulun. Ran da aka yi fashi sau ɗaya, na dawo, ba kuwa zan sake fita ba."

Sodangi ya yi zumbur. "Ni? Da gemuna, cikin mata a bakin rijiya? Malam, a ɗauki mai ga-ruwa, ko nawa ne..."

"Mai ga-ruwa ne ya je teku?" in ji muryar.

Malam ya dube shi. Sodangi ya gyaɗa kai. Malam ya ɗauki dutsen da bisimilla ya sa a ƙwaryar ruwa. Ruwan ya yi ƙara kamar an tsoma garwashi. Kyauta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, barci ya kwashe ta a cinyar uwarta.

Washegari hantsi ya fara ɗagawa, sabuwar randa na jiran ruwa, Sodangi yana tsaye a bakin ɗaki yana gyaran murya.

"Ma'u, da an bari sai rana ta yi, mutane sun ragu a rijiyar..."

Ta shiga ɗaki. Ta fito riƙe da hannun Kyauta, yarinyar na tafe tana tangaɗi, ta tsayar da ita a gabansa don ya ga wuyan, ya ga leɓɓan. Sannan ta ajiye tulu da guga a ƙafarsa, ta naɗe tsohon zanenta ta yi gammo ta miƙa masa.

"Cire hular, Malam," ta ce. "Gammo ba ya zama a kanta."

Ya daɗe yana kallon 'yarsa. Daga waje ana jin muryoyin abokansa sun fara taruwa a gindin bishiyar bedi, daidai hanyar rijiya. Ya cire hular ya ba Kyauta ta riƙe masa, ya ɗora tulun a ka, ya fita ta ƙofar zaure.