Reshen Ɓaure na Ƙarshe

A wani zamani an yi wata tsohuwa mai itacen ɓaure, 'ya'yansa zaƙi kamar zuma. Wata rana wani manomi ya roƙe ta reshe ya dasa a 'yar gonarsa.

Ta yanko masa, ta ce, "Ɗana, tsinke ganyen, tsinke 'ya'yan, sannan ka dasa. Reshen da ba shi da saiwa ba ya iya ciyar da su."

Manomi ya dubi 'ya'yan, ya kasa zubar da su. Ya dasa haka nan. Reshe ya bushe.

Ya koma, ta ba shi wani. Ya dasa haka nan. Reshe ya bushe.

Da ya sake komawa, ta ce, "Gara ta cinye gindin itacen nan. Wannan ne reshe na ƙarshe. In ka kashe shi, shi ke nan!"

Manomi ya ce, "To, Iya." Ya tsinke ganyen, ya tsinke 'ya'yan, ya dasa.

Iskar damina ta kayar da itacen tsohuwa. Reshe kuwa ya yi toho, ya girma. Manomi ya kai mata 'ya'yan fari.

Ta ɗanɗana, ta ce, "Ashe ɓaurena bai mutu ba, ƙaura ya yi."