Kujeru Biyu da Benci

"Kin kalli agogo!" Dogo ya faɗa yana miƙewa. "Ina ba ki labarin ranar da Umma ta rasu, ke kina kallon agogo!"

"Wallahi ban san na kalla ba, Dogona..."

"Kuma sau uku kina tambayata wai yaya na ji a raina. Uwata ce fa ta mutu! Yaya kike so in ji?"

Ya fice daga falonmu ko sallama babu. Saura wata biyu aurenmu.

Karatuna ne ya ja min. Shekarata biyu ina koyon aikin ba masu damuwa shawara. An horar da mu: minti hamsin ga kowane mutum, kada ka katse shi, kada ka yi kuka a gabansa. Ni kuwa sarkin zaƙewa, na kwaso darasin har gida.

Mama ta leƙo daga kicin. "Ai na faɗa miki! Karatun a zauna a yi ta gyaɗa kai? Ƙadangare ma ya iya, bai je makaranta ba."

Kwana huɗu bai ɗauki wayata ba. Na samu Malamarmu a ɗakin gwaji, mai kujeru biyu da kwalin tishu a tsakani.

"Malama, zan bar karatun nan. Ina son aikin kamar raina, amma zai raba ni da wanda nake so..."

Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Kin san mahaifiyar tasa?"

"Tun ina ƙarama. Ita take min kitso..." Muryata ta karye.

"Kin yi kukanta?"

"Na daure saboda shi."

"To, 'yata, shi ba ofishinki ya zo ba. Abokin kuka yake nema. Cire agogon nan ki tafi."

Na iske shi a shagonsa na kafinta yana goge katako. Ban tsaya gabansa ba, na zauna kan benci kusa da shi.

"Ba tambaya na zo yi ba," na ce. "Kewarta nake, Dogo... Wallahi kewar Umma nake!"

Kukan da na danne wata uku tun rasuwarta ya ƙwace min. Ya ajiye katakon a hankali.

"Na ɗauka ba ki damu ba, masoyiyata," ya ce, shi ma hawaye na zuba.

Mun daɗe a haka, ban san minti nawa ba.

Da muka tsagaita ya yaye wani ƙyalle. Kujeru biyu ne sababbi, ko fenti ba a yi musu ba.

"Na waye?"

"Na ofishinki. Kada ki kuskura ki bar karatun nan, akwai masu buƙatarki. Duk wanda ya zauna a kai, ki saurare shi da agogonki." Ya ɗan bugi bencin da muke kai, yana murmushi. "Amma ni, nan ne wurina."